Manyan Guryar Kaka Husseina

Tun ina rarrafe na san audugar Kaka Husseina, gindi uku a cikin tsofaffin tayoyi, bayan ɗakinta a Maamobi, unguwarmu ta 'yan ci-rani. Irin ya zo ne daga Dogon Dutse a ƙullin zanen mahaifiyarta. Duk shekara Kaka takan gurje audugar a kan dutse, ta baza guryar a faifai, ta tsince manya ta zuba a gwangwanin madara. Ƙananan kuwa rabon akuyar maƙwabta ne.

Na girma, na karanci gyaran iri, na samu aiki a wata gonar gwaji a arewa, kaina ya kumbura. Ranar da na zo hutu na tarar da Issifu, mai gidan da muke haya, yana cewa Asabar za a shafe tsakar gida da siminti.

"Tayoyi nan duka zai fita, Kaka."

 Ni Kaka ta miƙo wa gwangwanin.

"Basma, ki kai su inda akwai ƙasa."

Na zuba a tafin hannu, ƙwayoyi ɓul-ɓul kamar wake. Maimakon in karɓa in yi shiru, sai na buɗe makaranta. Na ce girman gurya gado ne, kamar tsawo a gidanmu. Shekara sittin ana zaɓen manya, ƙwaya tana ƙiba, farin yana raguwa.

"Shi ya sa ko matashin kai ɗaya ba kya cikawa. A wurin aikinmu zubar da irin wannan ake yi."

"Kenan ba za ki shuka ba," in ji ta.  "Da muka sauka unguwar Nima, nan kusa da mu, Inna ta shuka manya da ƙanana a bakin kwata, ƙasar duk toka da fasassun kwalabe. Ƙananan ko tsiro ba su yi ba. Babbar gurya da guzurinta take tafiya. Ba matashi muke nema ba, wadda za ta rayu a ƙasar mutane muke nema."

Kunya ta rufe ni, na sa gwangwanin a jaka.

Gonar gwaji ba ta karɓar baƙon iri, don haka a bayan ɗakina na shuka su, cikin tsakuwa. Kwana biyar duk suka tsago ƙasa. Kaka ta rasu kafin audugar ta fashe.

Bana na gurje ta, na baza guryar a faifai. Na san abin da littafi ya ce, amma manyan na tsince.