Bishiyar Cibiyar Paw Wah

Ranar da za a ƙone sassaben su Naw Hsa Gay, 'yarta Paw Wah tana kwance da zazzaɓi, an ɗaura mata farin zare a wuyan hannu don kada kurwarta ta tafi yawo. Uwar ba ta so fita ba. Amma Pu Ta Moo, dattijon ƙauyen, ya riga ya sa rana, itatuwan da aka sare sun bushe ƙayau, in aka yi sake ruwan farko ya sauka a kansu, bana babu shinkafa. Ta bar yarinyar a hannun kakarta, ta ɗauki adda ta bi mijinta.

Mijin, Saw Ku Thay, mutumin kirki ne, sai dai shi da hawan tudu ba sa ga maciji. Lokacin da aka haifi Paw Wah a bukkar wannan gonar, ana tsakiyar girbi, aiki ɗaya aka ba shi, wanda kowane uba a ƙabilarsu ta Karen yake yi: ya sa cibiyar jaririya a guntun gora, ya hau da ita dajin da ba a sarewa, ba a ƙonawa, ya ɗaure ta a jikin bishiya mai ƙwari. Daga ranar, ran yaro da na bishiyarsa ɗaya ne. To, gogan naku ya sha giyar murna, ya dubi tudu, ya dubi wata bishiya da aka bari tsaye a cikin gona, ya ɗaure a nan. Wai ai kafin a sake zagayowa wannan gangaren an jima. Aka bar gonar ta huta, daji ya rufe ta, shekara bakwai ta wuce, ga shi an zagayo.

"Ka share gindinta?" ta tambaye shi a hanya.

"Haba, Uwar Paw Wah, sau nawa zan faɗa miki? Ko allura kika yar a wurin sai kin gan ta. Har igiyoyin dajin da suka naɗe ta na datse musu gindi tun ranar sara, ta sha iska."

Pu Ta Moo, da ke gabansu yana dogara sanda, ya ce, "Ku Thay da aiki har da ƙari? Lallai bana za mu ga abin mamaki."

Maza suka yi dariya. Ita ba ta yi ba, amma maganar igiyoyin ta shiga ta kunnen nan ta fita ta wancan.

Da rana ta take, mutanen ƙauye suka jeru a kan hanyar da aka share kewaye da gonar, kowa da ɗanyen reshe a hannu. Aka kunna wuta daga sama, aka bar ta ta ci kaɗan, sannan aka kunna daga ƙasa. Wutar sassabe ba ta gardama. Ta taso da ruri, gora tana fashewa kamar ana harbin bindiga, hayaƙi ya mai da rana ja. Naw Hsa Gay ba ta kallon komai sai bishiya ɗaya, tsaye ita kaɗai a tsakiyar filinta da aka share tas. Wutar ta zo bakin filin, ta rasa abin ci, ta fara kewayewa.

A nan ne ta lura da launin jikin bishiyar. Ba kore ba ne. Igiyoyin da mijinta ya datse suna nan a naɗe, tun daga ƙasa har cikin rassa, sun bushe da ganyensu. Ya yanke su, bai janye su ba.

"Baban Paw Wah! Igiyoyin!"

Kafin ya juyo, iska ta ɗauko wani guntun ganye mai ci ta ajiye a kansu. Wuta ta haye bishiyar kamar an kafa mata tsani.

Ku Thay ya zabura zai faɗa ciki, maza suka danne shi a ƙasa yana ihu yana kiran sunan 'yarsa. Naw Hsa Gay ko motsi ba ta yi ba. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tuna zafin goshin yarinyar da safe, ta ji kamar da hannunta take taɓa bishiyar.

Da wutar ta lafa, mata suka ce ta tafi gida. Ta ƙi. Ba ta da ƙarfin halin da za ta je ta ga abin da ke jiranta. Ta taka toka mai zafi har gindin bishiyar, Pu Ta Moo da mijinta suna biye. Saman bishiyar ya ƙone ƙurmus, wuta tana ci a cikin rassa, tana saukowa a hankali ta wani tsagi a jikin itacen.

Tsohon ya duƙa ya ƙwaƙuli ɓawon da farce daidai gwiwa.

"Gindinta da sauran rai," in ji shi. "Amma in aka bar ta tsaye, wutar nan za ta bi cikinta har saiwa. Ku dubi gonarku. Me ya sa muke sara daidai gwiwa? Kututture yana toho in ruwa ya sauka."

"To a sare ta mana, Kaka!" in ji Naw Hsa Gay.

"Wa zai sare? 'Yata, bishiyar cibiya ce. Tun da nake ban ga wanda ya ɗora wa irinta ƙarfe ba, ban kuma san abin da ke samun mai ita ba. Ni hannuna ba zai yi ba."

Ta dubi mijinta. Ya yi tsuru-tsuru da addarsa a hannu.

"Ba zan iya ba," ya ce. "In na sara yarinyar ta mutu fa? Ni na kashe ta ke nan."

"In ba ka sara ba fa?"

Garwashi ya faɗo daga sama ya ƙona mata kafaɗa.

Sai ta ɗaga tata addar. Ta ce a hankali, "Paw Wah, ni ce, Innarki. Ki zauna a ƙasa, kada ki bi hayaƙi." Ta kai sara. Mutanen da ke bakin gona suka juya baya don kada su gani. Tana sara tana kuka, tana jin kowane sara a ƙirjinta, har bishiyar ta karkata ta faɗi cikin toka. Kan kututturen fari ne, da danshi.

Ta jefar da addar ta kama gudu.

Ƙauyen shiru, kowa yana gona. Ta tsaya a gindin tsanin gidansu tana saurare. Ba kuka. Ta hau da rarrafe.

Kakar tana zaune tana yi wa yarinyar fifita. "Zazzaɓin ya sauka ɗazu," in ji ta. "Kin ga gumi."

Paw Wah ta buɗe ido. Uwar ta zube ta rungume ta, tana shafa mata toka a fuska ba ta sani ba.

"Inna, ƙishirwa nake ji. Na so in tashi in ɗebo."

"To me ya hana ki, 'yar nan?"

"Ƙafafuna. Na ce su tashi, sun ƙi."

Naw Hsa Gay ta yaye bargon. Ta matsa gwiwar yarinyar, ta mintsini ƙaurinta da ƙarfi. Paw Wah tana kallonta kawai, tana jira a ba ta ruwa.

Uwar ta riƙe ƙafafun nan biyu a cinyarta, ta leƙa sama ta ƙofa tana neman hadarin da zai sa kututturen ya yi toho. Babu komai sai hayaƙin gonarsu.