Rijiya a Tsakiyar Boteti

Shekarar da kogin Boteti ya ƙafe, ni da yayana Gaolatlhe muka haƙa rijiya a tsakiyar yashinsa don shanunmu. Shi ya tsufa, ni ma gwiwoyina sun daina jin magana, 'ya'yanmu kuwa duk suna birni.

Sai jakunan dawa suka iso daga gabas kamar kowane rani. Ba su tarar da kogi ba, sai rijiyarmu. Kullum da safe mu iske bakinta ya rufta, sawun kofato ko'ina, mu sake yasa.

"Sethunya, na gaji da yi wa jakai bauta," in ji Yaya, yana cikin ramin, laka har gemu.

"To ka kai ƙararsu wurin mai gari mana."

Bai yi dariya ba. Ya saro ƙaya ya kewaye rijiyar.

Jakunan ba su tafi ba. Suka tsaya bayan shingen cikin rana, kai a sunkuye, haƙarƙari a waje, suna kallon shanunmu na sha. Wata uwa ta durƙusa, ba ta ƙara tashi ba. Ɗanta ya yini yana tunkuɗarta da baki.

A ranar nan Yaya ya ture kwanon tuwonsa gefe. Washegari ya jawo tsohon kwalekwalenmu, ya ajiye bayan shingen, ya miƙo mini guga.

"Shanu tukuna, sannan su."

"Yaya, ka san yawansu kuwa?"

"Na sani. Ja kawai."

Muka yi ta ja. Mu cika kwalekwalen, kafin mu miƙe baya sun shanye. Igiya ta tsage mana tafin hannu. Ruwan bai taɓa isarsu ba. Wasu suka sha, wasu kuwa ungulaye suka sauka a kansu. Mu ma mun rasa shanu, har da jar saniyar da na fi so.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai wata safiya muka ga jakunan sun ɗaga hanci suna shaƙar iska. Kafin azahar sun yi layi sun nufi filayen gishiri, inda ciyawa ke fara tsiro.

Yaya ya zauna a bakin kwalekwalen yana duban hannayensa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa.

"Gobe ke kaɗai za ki shayar da shanu," ya ce.

Na ɗauko man shanu ina shafa masa. Ban gama hannu ɗaya ba barci ya kwashe shi a zaune.