Noti Uku Da Makullin Baba

Shekara talatin da ɗaya yana jan motar kaya bai taɓa goge ko akuya ba, shi ya sa 'yan tasha suke ce masa Sannu-Sannu. Amma a 'yan watannin nan sau biyu barci yana fizgar sa a kan sitiyari da rana tsaka, na biyun har tayar gaba ta sauka daga kwalta. Ga ciwon kai kullum ya dawo gida. Babbar 'yarsa ta kai shi asibiti, aka auna jini, aka duba ido, ba a ga komai ba, sai ta yanke cewa tsufa ne. Ita kuwa in ta faɗi magana ba ta janyewa, halin uwarta ta ɗauko. Ta ce ranar Asabar zai ajiye makulli a sayar da motar.

Abin da ba ta sani ba, akwai maganar da tsohon ya binne a cikinsa. Wata uku ke nan in ya tayar da motar da safe sai injin ya riƙa wani tas-tas-tas, in ya yi zafi kuma ƙarar ta ɗauke. Ya tsorata ƙwarai, a zatonsa injin ne ya kama hanyar mutuwa, kuma ya san in yarinyar nan ta ji, shi da motar duk za a sallame su. Saboda haka kullum yakan riga kowa fita, ya tayar da ita a bayan gida, sai ta yi shiru sannan ya zagayo da ita ƙofa yana murmushi. Ko garejin ƙanin matarsa, wanda yake duba motar shekara da shekaru, ba ya kai ta sai da zafinta.

Ranar Juma'a 'yar ta sa aka bar motar a garejin kawun nata don a gyagije ta kafin mai saye ya zo, a can ta kwana. Da safe suka taru su uku. Kawu ya hau ya murza makulli, injin ya tashi da sanyinsa, ya tona asirin da aka yi wata uku ana rufewa. Sannu-Sannu ya kama kallon takalmansa.

Kawu ya kashe injin. Ya ɗaga bonet, ya leƙa gefen inji inda wani ƙarfe mai baki shida yake tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa. Noti goma sha biyu ke riƙe da ƙarfen nan. Uku tsatsa ta cinye sun karye, wurin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya bi baƙin da yatsa har zuwa wani rami a bangon da ya raba inji da wurin zaman direba, inda robar toshiya ta daɗe da faɗuwa.

"Yaya, tun yaushe take wannan kukan?"

"Wata uku."

"Wata uku kana shan hayaƙi kamar kifin banda, gilashi a rufe. In ƙarfen ya yi zafi yakan kumbura ƙarar ta ragu, amma hayaƙin bai fasa fita ba. Barcin naka ke nan, ciwon kan ke nan."

Kunya ta rufe tsohon, amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne yake tasowa wanda ya kasa ɓoyewa. Ashe dai ba shi ne ya ƙare ba. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: ya rufa wa motar asiri, laifinta ya hau kansa.

'Yar ba ta sauko nan take ba. Ta ce in gyaran ya tsaya a noti, to. In kuwa sai an sauke kan inji, maganar sayarwa tana nan daram. Kawu ya ce ai wannan sai abin da ƙarfe ya ce.

Aka jiƙa notunan da man birki, aka bar su suka sha. Kawu ya gasa kowanne da wuta, ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma, ya kwance. Tara suka fito da ƙugi da gunaguni, biyu daga cikin karyayyun sun bar ɗan kai da za a kama. Na ƙarshen ne ya karye daidai da fuskar ƙarfe, babu abin riƙewa. Kawu ya ɗora wani noti a kai ya yi masa walda, ya ja da sufana, ya ɓalle. Ya sake, ya sake ɓallewa. Gumi ya wanke masa fuska. Shi dama gwani ne amma hannunsa da gaggawa, ko shayi a tsaye yake sha.

Da ya yi walda ta uku sai ya miƙa wa mijin yayarsa sufanar, ya ce ya nuna musu inda ya samo sunansa. Tsohon ya karɓa, ya ƙi taɓa komai sai da jan wutar ya dushe. Maimakon ya kwance, sai ya ɗan ɗaure tukuna, gwargwadon kaurin farce, sannan ya dawo baya. Gaba kaɗan, baya kaɗan, a ɗiga mai, a jira. 'Yar tana tsaye a kansa ta daina duba waya. Ya fi rabin awa a haka kafin ƙarfen ya yi ƙara siririya ya juya. Guntun da ya faɗo a tafin hannunsa bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Kafin la'asar an sa sabuwar gasket mai toshe tsakanin ƙarfen da inji, da sababbin notuna, Kawu ya ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe, ya toshe ramin nan da roba. 'Yar ta buga wa mai saye waya ta ba shi haƙuri. Ta ciro makullin daga jakarta, amma ba ta sake shi nan da nan ba.

"Wata ɗaya za mu gwada, Baba, gilashi a buɗe. In barcin ya dawo, kai da kanka za ka kawo min shi." Ta saka masa makullin a hannu. "Saura kaɗan mu rasa ka a kan noti uku. Ni ba motar nake ƙi ba."

Ya ce ya ji, kuma wannan karon har zuciyarsa ya ji.

Washegari bai riga kowa fita ba. Ya karya kumallo a nitse, ya jira har 'yar ta fito da jakarta, sannan ya hau motar, wadda ta kwana a ƙofar gida, ya tayar da ita da sanyinta a gaban kowa.