Muryar Alhaji Badaruddeen

Barira na goge teburin ofis Maharazu ya yi sallama. Direba ne ɗan Maraɗi, ya yi wata biyar yana aiki can Agadas.

"Hajiya, mun sauke waken inda Alhaji ya ce."

Ta tsaya da tsumma a hannu. Mijinta Alhaji Badaruddeen, mai wannan kamfanin dakon kaya da ke bakin iyaka a Magama, ya rasu tun kafin azumi. Makon jiya ta fita takaba, alƙali ya damƙa mata riƙon kamfanin saboda marayu.

"Wane Alhajin?"

"Alhajinmu mana. Da safe ya aiko mini saƙon murya, ya ce kada in shigo Jibiya, in kai wani sito bayan Riko. Mutum biyu munka iske, sunka kwashe."

Ya miƙo wayarsa. Lambar mijinta ce, har da hotonsa. Ta danna. Muryar ta cika ɗakin, a natse, da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya kira sunan mutum. Da ta faɗa wa Maharazu rasuwar, sai ya sulale ƙasa yana salati.

Ta aika aka kira Iliya, mai kula musu da kwamfuta. Ya saurara sau biyu.

"Hajiya, ba fatalwa ba ce. Layin Alhaji ya daɗe a kashe, wani ya fitar da sabon sim da lambar, ya shiga WhatsApp ɗinsa. Tsofaffin saƙonninsa na nan birjik a zauren direbobi. Da su ake koya wa na'ura ta yi magana kamarsa. Motoci nawa ne a hanya?"

"Uku."

Ta bi direbobin da kira ɗaya bayan ɗaya. Na ukun har ya sauka daga kwalta ya nufi daji, sai da ta rantse masa saƙon da aka aiko masa na bogi ne sannan ya juyo.

Bayan la'asar wayarta ta yi ƙara. Lambar ce dai. Saƙon murya ne, ta danna Iliya na ji.

"Barira, kin ci abinci kuwa?"

"Toshe shi, Hajiya," in ji Iliya. "So suke ki amsa."

"Na sani."

Ta toshe lambar. Saƙon kam ba ta goge shi ba.