Wayar Marigayi Malam Mika'ilu

Karo na uku ke nan Lauratu tana soka kebul a gindin wayar, amma kwamfutarta ba ta nuna ta san an jona wani abu ba. Fuskar wayar baƙi ƙirin, ko alamar caji babu.

"'Yar nan, ta mutu ko?" in ji Inna Fadima daga bakin benci, ta ƙanƙame gefen mayafinta.

"Suma ta yi, Inna. Wa ya taɓa ta kafin ni?"

"Jamil. Shekaranjiya in an kunna ta sai ta tsaya a kan sunan kamfaninta, ta ƙi wucewa. Ya ce filashin za a yi mata, wai a sake ɗura mata abin da ke tayar da ita. Yana jona ta, ta ɗauke gaba ɗaya."

Lauratu ta dubi tsallaken titin Ɗanbatta, inda Jamil ke kishingiɗe a rumfarsa ta gyaran waya. Shekara uku tun da ta dawo ƙauye da difilomarta ta kafa teburin gyaran waya da sola, kuma shekara uku maza suna wuce ta da wayoyinsu, wai mace ba ta san cikin inji ba. Sai abu ya gagara ake tunawa da ita. Ta saba, amma ba ta yafe ba.

Wannan wayar kuwa ba ta wasa ba ce. Ta marigayi Malam Mika'ilu ce, mijin Inna Fadima, wanda ya rasu da rani. Ranar da suka raba gonar gado da ƙaninsa Alhaji Hadi, ya bi iyakar da ƙafa yana ɗaukar bidiyo. Yanzu ruwan shuka ya sauka, Alhaji Hadi ya ce iyakar a layin gamba take, Inna Fadima ta ce a gindin gawo. Kunya goma sha biyu ce a tsakani, abincin marayu na wata da watanni. Takarda babu. Dagaci ya ce ta kawo hujjarta yau bayan La'asar, in ba haka ba a bar wa Alhaji, don ƙasa ba za ta jira shari'a ba.

Lauratu ta ɓalle murfin, ta cire batir, ta kwance sukurori har injin ya bayyana. Ta kara ido a kan 'yar lambar da ke jikinsa, ta sake duba wadda ke manne a kes. Ba ɗaya ba ne.

"Inna, an taɓa sake wa wayar nan kes?"

"Af! Bara jaki ya taka ta a gona. Malam ya ce ba zai yar da inji mai lafiya ba. Ya sayo matacciyar waya mai kama da ita, aka kwashe cikin tasa aka zuba a waccan."

Shi ke nan. Jamil ya karanta lambar kes, ya ɗura mata fayil ɗin wata waya daban.

"Kayan cikinta fa?" in ji Inna Fadima.

"In bai wanke ta ya goge komai ba, suna nan. Ba zan yi miki alkawari ba, Inna. Amma ba zan tashi ba."

Samo fayil na gaskiya shi ne wahalar. Sabis ɗin garin ba ya kamawa sosai sai a kan tarin bulon da ke bayan rumfarta. Nan ta hau, ta ɗaga wayarta sama, rana na dukan ƙeyarta. Tun hantsi take tsaye. Saukar fayil ɗin ta kai kashi tamanin, ta yanke. Ta sake daga farko.

"Injiniya!" Jamil ya ƙwalo daga tsallake. "Roƙon ruwa kike yi? Ai an yi jiya!"

Masu shan shayi a gefen titi suka kwashe da dariya.

"Ɓarnarka nake kwashewa, Malam Jamil," ta ce, ba ta ko waiga ba. "Da yawa ce, shi ya sa na daɗe."

Sai bayan Azahar fayil ɗin ya sauka. Ta yi salla, ta zauna, kafaɗarta kamar ba tata ba. Jamil ya tsallako ya tsaya a kanta, hannu a aljihu.

"Ki danna a wanke duka, ta tashi sabuwa. Haka ake yi."

"Sabuwar waya ba ta san inda gawo yake ba."

Ta bi jerin ɓangarorin fayil ɗin tana cire musu alama ɗaya bayan ɗaya, ta bar waɗanda ke tayar da waya kawai. Inda hotuna da bidiyo suke, ko kusa ba ta yarda a taɓa ba. Saura kwamfuta ta ga wayar. A jikin injin akwai wani ɗigon tagulla, bai kai ƙwayar gero ba. In aka haɗa shi da ƙarfen gefe a daidai lokacin da ake soka kebul, ko sumammiyar waya sai ta amsa. Ta dafe injin da hagu, ta riƙe hantsaki da dama. Hannu na uku ake nema.

"Kawo in soka," in ji Jamil.

"Ka soka naka shekaranjiya. Inna, matso. In na ce yanzu, ki tura."

"Ni? Ban taɓa..."

"Kina zura zare a allura. Wannan ya fi faɗi."

Na farko hantsakin ya zame. Na biyu Inna ta riga ta. Lauratu ta goge gumin tafinta a zane, ta yi bisimilla.

"Yanzu!"

Jan layi ya gilma a ƙasan kwamfutar, ya koma ruwan ɗorawa, ya fara tafiya a hankali. Da ya kai ƙarshe, koren maki ya fito. Ta mayar da batir, ta danna. Wayar ta yi 'yar girgiza, sunan kamfaninta ya bayyana, ya tsaya. Har ladan ya kira La'asar sunan yana nan tsaye. Inna Fadima ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Sai ga hoton Malam Mika'ilu da malafarsa ya cika fuskar wayar.

Guɗar da Inna ta rangaɗa har masu shan shayi sai da suka miƙe. Lauratu ba ta ɗago ba sai da ta kwafe bidiyon a kwamfuta, ta tura a wayarta.

A ƙofar gidan dagaci, Lauratu ce ta riƙe wayar a tsakiyar dattawa, ta ƙure murya. Ga ƙafafun marigayi cikin ƙasa, ga numfashinsa. "To, ga gawo nan," in ji muryar. "Daga nan zuwa gabas nawa, yamma na Hadi. Hadi, haka ne?" Hoton ya juya, ga Alhaji Hadi dafe da bishiyar yana dariya. "Haka ne, Yaya. Allah ya shaida."

Alhaji Hadi ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Idonsa ya kaɗa.

"Ranka ya daɗe," ya ce da dagaci, "ba sai an sake kunnawa ba."

"To, Fadima," in ji dagaci, "gona taki ce har gindin gawo. Gobe sai ki shuka."

Inna Fadima ta dubi rana, ta duƙa ta damƙi ƙasa ta murza.

"Ranka ya daɗe, da sauran danshi, da sauran rana." Ta juya wajen Lauratu. "'Yar nan, riƙe min wayar a wurinki. Bari in je in ɗauko sungumi."