Sanƙon Baba

Fitila ashirin da huɗu ce a rufin zauren wasannin, amma sha ɗaya kaɗai ke kamawa, biyu daga cikinsu ma sai sun ga dama. Mai Hoto ya san halin kowace ɗaya. Shekara tara yana ɗaukar wa ƙungiyar ƙwallon raga ta mata hotuna a wannan zaure, shekara tara ana ce masa wata mai zuwa za a gyara fitilun. Wanda ya gina wurin kuwa, Allah dai ya yafe masa, 'yan tagogi huɗu ya manna can kusa da rufi ya kama gabansa. Ƙarfe huɗu na yamma rana na ƙwallewa a waje, a ciki ka rantse magariba ta kawo jiki.

Mazauninsa kusurwar hagu ce, can nesa da raga, kan wani ɗan benci da ba mai taɓa shi. An hana kunna filasha don tana kashe wa 'yan wasa ido, an kuma hana matsowa kusa da layi. Don haka duk abin da yake taƙama da shi dogon gilashin nan ne da masu hoto ke kira zum, wanda idan ka murɗa shi sai ya jawo na nesa har gaban hancinka. Shi Acici yake kiransa, domin iya miƙa shi da ka yi, iya hasken da zai cinye maka. Idan haske ya yi kaɗan dole idon kyamara ya daɗe a buɗe, idan ya daɗe kuma duk abin da ya motsa sai ya fito dishi-dishi. Dabarar da ya gano guda ce. Idan 'yar wasa ta yi tsalle, akwai ɗan lokacin da ta gama hawa ba ta fara sauka ba, jiki ya tsaya cak a sama. Nan yake jira, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, numfashi a riƙe. Ya danna, sannan ya sunkuya ya duba ɗan allon bayan kyamara ya ga ko ya dace.

Mai riga lamba bakwai 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Mamana. Uwarta ta rasu shekara biyar da suka wuce, gidan ya rage su biyu, kofi biyu, kujera biyu a gaban tebur. Yanzu kuma ta samu aikin jinya a wani gari mai nisan kwana biyu a mota. Wasan ranar Asabar shi ne na ƙarshe da za ta buga, ran Lahadi da safe sai tasha.

Da hantsin Asabar ɗin tana durƙushe tana danna kaya cikin akwati ya shigo da wani kundi mai baƙin bango ya ajiye mata a kan gado. Mako uku ya yi yana zaɓe, hoto sittin daga cikin dubbai.

Ta goge hannu ta shiga buɗawa. Ga ta a sama, ga ta a ƙasa ta miƙe tana ceto ƙwallo, ga ta hannu ya lanƙwashe zai sauke duka. Ta kai ƙarshe ta sake dawowa farko.

"Baba, sun yi kyau wallahi. Amma duk nan babu inda na kalle ka."

"Ai hoton wasa ke nan, Mamana. Da zarar ɗan wasa ya kalli kyamara, hoto ya mutu."

Ta yi dariya. "To ka kwantar da hankalinka, ko na kalla ba za ka sani ba. Tun ina 'yar shekara sha huɗu, duk sanda na ci maki kusurwarka nake fara dubawa. Ka san me nake gani? Sanƙonka! Ka sunkuya kana duba allo. A idona sanƙon nan ya fara, a idona ya yi faɗi. Ko cikin mutum dubu aka ɓoye shi sai na nuna shi."

"Ke dai ba ki da kunya," in ji shi, yana shafa kai.

"Da Umma na nan ita ke ɗaga min hannu daga layi na uku na 'yan kallo. To, yanzu sai sanƙo." Ta rufe kundin ta cusa shi tsakanin riguna. "Miƙo min takalmin can, Baba."

Da wasa ta faɗa, ta kuma manta. Shi ne bai manta ba. Shekara biyar, tun rasuwar uwarta, yarinya tana juyowa neman fuska tana tarar da saman kai. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a yi wa kowa bayaninta. Yana goge Acici da ƙyalle ya ɗaukar wa kansa alkawari: yau idan ta juyo, fuskarsa za ta gani.

Sai dai hannun da ya shekara talatin yana abu guda ba ya jin alkawari. Makin farko da ta ci, ya danna a kan lokaci, kafin ya ankara kansa na ƙasa yana duba ko ƙwallon ya fito tas. Ya ɗago a firgice, ta riga ta juya baya tana tafawa da lamba huɗu. Na biyu ma haka. Na uku har da jan tsaki ya yi wa kansa, mutumin da ke kusa ya waiwayo ya kalle shi.

A zagaye na biyu ya canza dabara. Ya ce ba zai sauke kyamarar ba ma sam, balle ya ga allo. Ta tashi sama, ta sauke duka, alƙalin wasa ya busa usur, shi kuwa ya manne ido a 'yar tagar leƙawa ta kyamarar ya bi ta da Acici. Sai ga shi ta juyo. Fuskarta ta cika masa ido, zufa na bin haɓarta, idanunta na nema. Suka tsaya a kansa na ɗan lokaci, sannan ta ɗan taɓe baki, ba na fushi ba, na wanda ya saba, ta koma wurinta. A nan ya gane abin da ta gani: baƙin gilashi mai faɗin murfin tukunya, da hannu biyu riƙe da shi. Bai fi sanƙo da komai ba. Ko dannawa bai yi ba, yatsan ya san ba a ɗaukar mai kallon kyamara.

Wasa ya yi zafi, aka yi biyu da biyu, saura zagayen raba gardama. Ana hutun shan ruwa Koci, mai horar da 'yan wasan, ya taho da sauri, tawul a wuya.

"Mai Hoto, bugun ƙarshe nake so. Na 'yarka ne, ba makawa ita za a ba. Za mu wanke shi ƙato mu rataye a ƙofar shiga. Don Allah kar ka ba ni kunya."

"Allah ya nuna mana," in ji Mai Hoto.

Aka kai sha huɗu da sha uku, maki ɗaya ya rage musu. Kuma don abin ya ƙara ciwo, ɗaya daga cikin fitilun nan masu ganin dama, wadda ke saitin raga, ta zaɓi wannan lokaci ta kama. Haske ya zubo daidai inda lamba bakwai ke tashi. Shekara tara bai taɓa samun haske irin wannan ba. Hoton yana nan a gabansa, ya gan shi tun ba a ɗauka ba.

Ya lalubo murfi a aljihu ya rufe bakin Acici. Ya kwantar da kyamarar a kan benci, ya miƙe tsaye.

Abin da bai lissafa da shi ba idonsa ne. Akwai wani ɗan mamurɗi a gefen tagar leƙawa da ke daidaita ta da idon mai ita. Shekara da shekaru yana ƙara murɗa shi kaɗan-kaɗan, bai taɓa tambayar kansa dalili ba, tunda duk abin da yake son gani daga nesa ta nan yake ganinsa. Yanzu da ya tsaya da idonsa tsirara, filin ya koma launuka kawai. Shuɗi-shuɗi a wannan ɓangare, ja-ja a wancan, raga ma ta ɓace. Babu lamba, babu fuska.

Ya ji an bugo ƙwallo, ya ji takalma na ƙara a kan katako. Wani shuɗin abu ya tashi sama cikin hasken, sai ƙarar duka, sai usur, zauren ya kaure da ihu. Shuɗayen suka dunƙule wuri guda. Can ɗaya ta ware daga cikinsu ta tsaya, kamar dai shi take fuskanta. Ko ita ce, ko lamba huɗu ce ke neman wani nata, bai sani ba. Ya ɗaga hannu biyu sama, ya ɗaga haɓa, ya buɗe fuska da murmushi iya ƙarfinsa, ya riƙe shi har kumatunsa suka gaji.

Koci ya iso yana haki. "Mu gani, mu gani!"

"Babu."

"Kamar ya babu?"

"Ban ɗauka ba."

Koci ya dubi murfin da ke bakin gilashin, ya dubi Mai Hoto, ya girgiza kai ya wuce yana cewa tsufa ba ta yi ba.

A ranar bai samu keɓewa da ita ba, 'yan ƙungiya suka tafi da ita walimar ban kwana. Sai da safe a tasha, an ɗaure akwati, direba na ta matsa ham, ta leƙo ta taga.

"Baba, jiya na gan ka fa! Ashe kana da haƙora."

"Ga su nan kuwa."

"Ka ga abin da na yi maka?"

"Na gani, Mamana."

"Irin na Umma ne sak, ko? Yadda take min daga layi na uku. Na san za ka gane."

"Sak," in ji shi.

Motar ta ja. Ya tsaya yana ɗaga hannu har ta zama launi ita ma.

Ya koma gida ya tarar da kofinta a kan tebur da sauran shayi a ciki, ya bar shi a nan. Ya kunna kwamfuta ya buɗe hotunan shekara shida, bakwai, takwas da suka wuce, ba 'yan wasa yake nema ba, layi na uku yake nema. Amma Acici ba ya raba hankalinsa biyu. A wuri mai ƙarancin haske sai an buɗe shi gaba ɗaya, idan kuwa aka buɗe shi, abin da aka saita kaɗai ke fitowa, duk na baya ya narke. Shi da kansa ya sha yi wa masu koyo alfahari da hakan, wai 'yan kallo ba sa ɓata masa hoto.

Wajen azahar ya samu guda. Mamana a sama, tas da ita, har zaren rigarta ana gani. A bayanta, can gefe, wani ɗigo ruwan ɗorawa, launin gyalen da marigayiya ta fi so, da wani abu a samansa kamar hannu. Ya ƙara girmansa. Ya sake ƙarawa, har allon ya cika da 'yan murabba'ai masu launi. Hannu ɗaya ne ko biyu, a buɗe ne ko a dunƙule, babu yadda za a yi a sani, kuma wadda za a tambaya 'yarsa ce kaɗai, ita kuwa ya riga ya ce mata ya gani.

Ya ɗaga hannun dama a gaban allon, ya karkata shi, ya sauke. Ya gwada da na hagu.