Rabon Bargon Asibi

A Gwarzo akwai wasu mata da ke taruwa duk Asabar bayan Azahar a gidan Hajiya Uwaliya suna ɗinka bargo da ƙyallaye. Tun zamanin tsuke bakin aljihu suka fara, lokacin da bargon kanti ya fi ƙarfin kowa. Malama Keziah, 'yar kudancin Kaduna da ke koyarwa a firamare, ita ta zo musu da sana'ar. Sukan bi teloli su kwaso abin da almakashi ya zubar, su daidaita, su haɗa, su sa tsohon zane a tsakiya, su yi shafi a baya. Ƙungiyar tana da dogon suna da aka taɓa rubutawa a allo, amma kowa Matan Bargo yake ce musu. Idan an gama bargo, na wadda layi ya zo kanta ne, sai fa in an yi haihuwa ko gobara a unguwa, a nan ne ake tsallake layi.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, Allah ya yi wa mijin ɗaya daga cikinsu rasuwa. Sunanta Asibi, mijin kuwa Malam Baƙo, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ba su da ɗa a raye. Da aka raba gado ta sami rubu'i, sauran ya tafi ga wansa Haladu, manomi a Gammo ta ƙasar Kabo. An raba gona da keke da rigunan kirki. Akwai wasu tsofaffin riguna a ƙasan adaka, duk sun ƙoƙe sun yage, ba wanda ya waiwaye su.

Da Asibi ta fita takaba, sai ta ƙulle rigunan nan a ɗankwali ta kai gidan Hajiya Uwaliya. Layi bai zo kanta ba, amma ba wadda ta ɗaga maganar. Suka yanke wuraren da ke da sauran ƙarfi, kowace ta ƙara da nata ƙyallen don abin bai isa ba, suka yi ta ɗinki har damina ta wuce. Bargon ya yi kyau. Ya yi kyau har Hajiya Uwaliya ta sa aka shanya shi a ƙofar gida ranar kasuwa don mutane su gani.

Cikin waɗanda suka gani har da Haladu.

Asabar ta gaba ya yi sallama a zaure. Hajiya Uwaliya ta yafa mayafi ta fito, suka gaisa, ta tambayi mutanen Gammo, ta tambayi gyaɗa, ta sake yi masa gaisuwar rashi. Ya amsa duka, sannan ya gyara zama.

"Hajiya, na ga rigunan marigayi a jikin bargonku."

"Tsummokaransa dai, Malam Haladu."

"Tsumma ma dukiya ce. Ba a raba su ba. Ni ba don kaina na zo ba. Yanzu Shari'a ake, ina ji wa baiwar Allah nan tsoron ta kwana lulluɓe da hakkin wani."

"Hakkin wa?"

"Nawa."

Hajiya Uwaliya ta koma ciki ta faɗa wa matan. A lokacin kowa a gari ya zama mai fatawa, har mai sayar da rake yana jawo aya, don haka ba wadda ta yi gigin cewa komai. Aka aika a kira Malam Datti, limamin unguwa, wanda shi ya raba gadon tun farko.

Malam Datti ya zo, aka fito da bargon aka shimfiɗa a zaure. Asibi da sauran mata suka tsaya daga bayan ƙofa. Liman ya daɗe yana duban bargon, har ya shafa shi da tafin hannu.

"Maganarsa tana kan hanya," in ji shi. "Abin da mamaci ya bari, ko allura ce, ta magada ce. Amma Haladu, ka yafe mata mana. Lada ne."

"Allah gafarta Malam, ina son ladan. Sai dai mutum ba ya yafe abin da bai riƙe a hannunsa ba."

"To a yi wa ƙyallayen kuɗi ta biya ka."

"Ni ba ciniki na zo ba."

Liman ya sake duban bargon. Ya ce shi dai tun da yake rabon gado bai taɓa raba bargo ba. In an sa almakashi an yanka huɗu, za a ba Haladu har da ƙyallayen matan da ba su haɗa komai da marigayi ba, wannan kuma wani hakkin ne.

Daga bayan ƙofa Asibi ta yi magana.

"Allah gafarta Malam, a farke a ba Yaya nasa."

Hajiya Uwaliya ta juya ta dube ta. "Asibi, aikin damina guda ne fa."

"Na sani, Hajiya. Da ni aka yi."

Haka aka tsayar. Duk ƙyalle huɗu na marigayi, uku na Haladu, ɗaya na Asibi, kuma Liman ya ce ita za ta zaɓi wanda zai zauna, tun da ita ta wanke su shekara da shekaru. Haladu bai yi musu ba.

Malama Keziah ta kawo alli daga makaranta, Asibi tana nunawa tana sa alama. Daga nan aka raba reza. Sai a lokacin suka gane cewa sun iya ɗinki fiye da yadda suke zato, don farkewar ta fi haɗawar wuya. Wata ta yanke yatsa. Wata ta farke ƙyallenta na kanta bisa kuskure, ta zauna tana kallonsa. Hira ta ɗauke, ba ka jin komai sai ƙarar zare yana tsinkewa.

Asibi ce kaɗai ke magana, ita ma ba da kowa take ba. In ta ciro ƙyalle sai ta faɗi abin da yake. Wannan jamfar da ya je Kano ɗaurin aure ce aka sace masa takalmi. Wannan wandon da akuya ta ci ƙafarsa ne a kan igiya. Ba ta yi kuka ba. Da aka zo zaɓe, matan sun ɗauka shuɗiyar shaddar Juma'a za ta riƙe, sai ta bar ta ta tafi, ta riƙe kakin aikinsa mai ɗigon ƙunar dalma.

"Maman Shadrak, ba ki ga ya fi kauri ba?" ta ce da Keziah, ko da yake Keziah ba ta tambaye ta ba.

Da aka gama, bargon ya koma kamar rariya. Aka zuba rabon Haladu a leda, Hajiya Uwaliya ta kai masa zaure a gaban Liman. Ledar ba ta ko cika ba. Haladu ya buɗe ya tura hannu yana juyawa, kamar mai duba iri a kasuwa. Can ya ciro wani ƙyallen saƙi mai ratsin fari da baƙi, bai fi tafin hannu ba. Ya riƙe shi ya daɗe.

"Wannan rigar Babanmu ce," ya ce. "Ashe tana wurinsa."

Liman ya ce, "Allah ya ji ƙansu."

Haladu ya amsa da amin, ya sa ƙyallen a aljihun gaba, ya ɗaure ledar a bayan keke, keken da shi ma na marigayin ne, ya kama hanyar Kabo. Bai ce ya yafe ba, ba wanda kuma ya tuna masa.

Matan suka koma kan ramukan bargon. Teloli a shekarar sun fara riƙe ƙyallayensu suna cusa matashin kai da su, don haka sai da kowace ta koma gida ta binciko. Hajiya Uwaliya ta yanka gefen wani zanenta na Makka. Keziah ta kawo tsohon ankon zumuntar matan cocinsu, aka juya shi ta baibai saboda rubutun jiki. Bargo na biyu bai kai na farko kyau ba, launukan ba su san juna ba, amma Asibi ta ɗauka ta tafi da shi kafin sanyi ya shigo.

Wata Asabar, suna cikin aiki, wata doguwar mata ta yi sallama, ƙafafunta duk jar ƙasa, da leda a hannu. Asibi ta ɗaga kai ta gane ta. Furera ce, matar Haladu.

Aka shimfiɗa mata tabarma, aka ba ta ruwa, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ta ajiye ledar a tsakiya.

"Malam ne ya ce in kawo. Ƙyallayen nan ne. Ya rataye su a ɗaki, ya sauke, ya ba ni in yi tsumman goge fitila, ya dawo ya karɓe. Jiya ya ce in tambaya ko ana ɗinka wa bare."

Duk aka dubi Hajiya Uwaliya. Ita kuma ta dubi Asibi. Asibi ta ci gaba da zura zare a allura.

"Ba ma ɗinka wa bare," in ji Hajiya Uwaliya. "Sai dai mutum ya shigo ya bi layi. Kin iya riƙe allura?"

"Ina ɗinkin hula."

"To zauna. Akwai mutum uku a gabanki."

Furera ta zauna. Tun daga ranar, duk Asabar sai ta hau motar Kabo ta zo, wani lokaci da gyaɗa a ƙulle. Da layi ya zo kanta, ƙyallayen marigayi ba su isa bargon babban mutum ba, nata kuma kaɗan ne, don haka abin ya fito gajere. Asibi ce ta yi masa bakin gefe da hannunta.

Furera ta ce Malam yana lulluɓa da shi kullum, yana kuma ƙorafi kullum cewa in ya rufe kai ƙafa na waje. Ya aiko a tambaya ko za a ƙara masa kamu ɗaya. Hajiya Uwaliya ta ce a gaya masa an ji, za a duba idan layi ya sake zagayowa.